Ranar da Muka Je Gwanjon Shanun Shorthorn

Saura mako uku a yi gwanjo littafin hajar ya iso mana ta gidan waya, kuma tun a daren 'yata ta mamaye shi. Littafi ne mai sheƙi, kowace dabba da lambarta, da hotonta, da jerin iyayenta da kakanninta. Kafin gari ya waye ta riga ta naɗe kusurwar wani shafi, ta zagaye lamba ta bakwai da jan biro. Karsana ce mai sirkin ja da fari, gashi ya lulluɓe ta tun daga wuya har ƙauri, ta ɗaga kai a hoton kamar ta san ana kallonta. "Baba, wannan ce tamu," in ji ta, ta turo mini littafin a kan tebur. Na duba na ce mata lallai kyakkyawa ce, amma ba za mu yanke magana ba sai mun gan ta tana tafiya da ƙafafunta, mun kuma ga uwar da ta haife ta.

Muna zaune ne a wata 'yar gona a jihar Iowa ta Amurka, kuma shekararta uku ke nan a ƙungiyar yara manoma ta 4-H, inda yaro yake ɗaukar dabba ya raine ta da hannunsa, ya kai ta gasar nuna dabbobi. Makiyayan da suke kiwon tsantsar jinin Shorthorn a wannan yanki da yawansu sukan yi gwanjo sau ɗaya a shekara, a lokacin kaka, bayan an yaye maruƙan da aka haifa a farkon shekara. A nan iyalai irin namu suke neman karsanar da yaro zai shiga gasa da ita a shekara mai zuwa.

Ina da dalilin da ya sa na nace a kan gani da ido. Karsanarmu ta farko cinikin biri a sama muka yi: hoto da ɗan gajeren bidiyo muka gani a intanet, muka taya, aka sallama mana. Ta yi kyau a fili, har ta ci na biyu a gasar gundumarmu. Amma da ƙiba ta iso mana, mu kuma muka ƙara mata a kai saboda muna son ta cika ido, kitse ya taru mata a hantsa tun kafin ta balaga. Sau uku aka yi mata barbara kafin ta ɗauki ciki, da ta haihu kuma nononta bai ishi maraƙin ba, sai da muka haɗa masa da madarar kwalba. Ranar da motar ta zo ɗaukarta 'yata ta tsaya a bakin shinge ba ta ce uffan ba, kuma ta yi kwanaki ba ta leƙa rumfar ba. Tun daga ranar na daina kallon karsanar gasa a matsayin abin ado na shekara ɗaya. Zamanta a filin gasa bai wuce wata goma sha takwas ba, alhali idan an dace saniya ce da za ta yi shekara goma ko fiye tana haihuwa a gidanka, kuma wannan saniyar ce kake biyan kuɗinta ranar gwanjo ko ka sani ko ba ka sani ba.

Tarihin irin kansa ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi. Shanun Shorthorn, wato masu gajeren ƙaho, asalinsu arewa maso gabashin Ingila ne, wajen kwarin kogin Tees. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu 'yan'uwa biyu, Charles da Robert Colling, suka ɗauki dabarar wani makiyayin Ingila, Robert Bakewell, ta haɗa dabbobi masu kusancin jini don a kafa siffar da ake so, suka yi aiki da ita a kan shanun yankinsu. A 1810 aka sayar da bijimin Charles Colling mai suna Comet a kan gini 1,000 (gini kuɗin zinare ne na Ingila a lokacin), kuɗin da ba a taɓa jin an ba da shi a kan sa ba. A 1822 George Coates ya fitar da littafin nasabar waɗannan shanu, wanda shi ne na farko irinsa ga shanu a duniya. Saboda haka takardar asalin da ake miƙa maka bayan gwanjo tana da tushe mai zurfin shekara ɗari biyu, kuma ban raina ta ba ko kaɗan.

Sai dai takarda ta taɓa ruɗar manyan mutane. Wani makiyayi ɗan Ingila, Thomas Bates, ya bunƙasa zuriyar Shorthorn da ake kira Duchess, ya riƙa haɗa jininta da jininta har sunan ya fi shanun daraja. A watan Satumba na 1873, a gwanjon New York Mills da ke jihar New York, aka taya saniya guda ta wannan zuriya, 8th Duchess of Geneva, har dala 40,600. Ba ta daɗe ba ta haifi maraƙi babu rai, ita ma ta bi shi. Zuriyar dama an san ta da ƙarancin haihuwa, kuma ba a jima ba kasuwarta ta faɗi. A daidai wannan zamani Amos Cruickshank yana can Sittyton a yankin Aberdeen na Sikotlan yana zaɓen shanu da wani ma'auni dabam: wadda za ta jure sanyi, ta yi nama a kan abincin da gona take bayarwa, ta haihu kowace shekara. Shanunsa ne suka mamaye garkunan Amurka daga baya. Duk lokacin da na zauna a rumfar gwanjo na ga tayi yana hawa saboda sunan zuriya kawai, waɗannan mutane biyu nake tunawa.

Mun yi makonnin nan uku muna karanta littafin hajar da daddare, ni da ita, shafi bayan shafi. Abin da na fara nuna mata shi ne ranar haihuwa, domin a gasa bisa watan haihuwa ake raba rukuni, kuma karsanar da aka haifa a farkon rukuninta takan fi takwarorinta girma a ranar gasa. Bayan haka sai nauyin haihuwa, sannan jerin lambobin da ake taƙaitawa da haruffan EPD, wato ƙiyasin abin da dabba za ta gadar wa 'ya'yanta: sauƙin haihuwa, nauyin maraƙi a ranar da ya faɗo, nauyinsa a yaye wanda ake daidaitawa a kan kwana 205, nauyinsa a kwana 365, da yawan nonon da 'ya'yanta mata za su yi. Ga 'yar karsana mai wata takwas waɗannan lambobi yawancinsu daga na uwa da uba aka tsakuro su, don haka ba su da tabbacin na bijimin da ya riga ya haifi ɗaruruwa, sai dai gwajin ƙwayoyin gado yakan ƙara musu ƙarfi. Ni dai lamba biyu na fi zuba wa ido, ta sauƙin haihuwa da ta nono, saboda su ne suka ba mu wahala a baya.

Akwai kuma wasu haruffa ƙanana a ƙarƙashin sunan kowace dabba waɗanda baƙo zai iya tsallakewa, alhali sun fi hoton muhimmanci. TH cuta ce ta gado da ake haifar maraƙi da ita ƙashin ƙaurinsa na baya ya gajarce ko babu shi sam, ƙafafun a murɗe, sau da yawa cikinsa a ɓarke ta ƙasa, ba ya iya tashi ya sha nono, kuma ba ya rayuwa. An bi sawunta a cikin irin har zuwa wani bijimi ɗan ƙasar Ayalan mai suna Deerpark Improver, wanda jininsa ya bazu a Amurka tun shekarun 1970. PHA kuwa huhun maraƙi ne ba ya girma, jikinsa ya cika da ruwa ya kumbura, har haihuwarsa ta zama barazana ga ran uwar. DS nakasa ce a yatsun kofaton baya, ba ta kisa amma tana lalata tafiya. Idan an ɗora harafin F a ƙarshe, kamar THF, dabbar ba ta ɗauke da ita. Idan C ne, tana ɗauke da ita a ɓoye ko da yake lafiyarta ƙalau. A game da TH da PHA, sai uwa da uba duka suna ɗauke da cutar take fitowa, kuma a irin wannan haɗi kowane ciki yana da haɗarin kashi 25 cikin 100.

Mutanen harkar sun daɗe suna faɗin cewa masu ɗauke da TH sukan fi yawan gashi da irin ƙirar da ke ɗaukar idon alƙalin gasa, kuma abin da ya sa cutar ta ƙi ƙarewa ke nan ko bayan samuwar gwaji. Ban ce haramun ne sayen irin wannan karsana ba. Wanda ya san abin da yake yi zai iya haɗa ta da bijimin da ba ya ɗauke da komai, ba zai taɓa ganin nakasasshen maraƙi ba. Amma rabin 'ya'yanta, a ƙiyasi, za su gaji abin, kowanne sai an gwada shi, kowanne sai an gaya wa mai saye gaskiya. Yarinya 'yar shekara 13 da take kafa garkenta da saniya biyu ko uku ba ta bukatar wannan ɗawainiya. Muka soke duk lambar da ke da harafin C, kuma lamba ta bakwai ta tsira daga wannan tankaɗe, abin da ya faranta wa 'yata rai ƙwarai.

Sauran abubuwan cikin littafin ba su ɗauke mu lokaci ba. Mun tabbatar babu wadda aka haifa tagwaye da namiji, domin irin wannan karsana kusan tara cikin goma juya ce. Mun ware masu tsantsar jini, waɗanda ƙungiyar masu kiwon irin ta Amurka, wadda aka kafa a 1872 kuma take da ofishi a Kansas City, take ƙirgawa daga kashi 15 cikin 16 zuwa sama, daga ruwa-biyun da ake yi wa rajista da sunan ShorthornPlus, saboda rukuninsu dabam ne a gasa. Launi kuwa na bar mata zaɓi. Ja, da fari, da sirkin biyun, duk na irin ne, kuma sirkin yana samuwa ne idan dabba ta gaji ja daga gefe ɗaya fari daga ɗayan.

Gonar da za a yi gwanjon tana wata jiha maƙwabciyarmu, sai muka tashi tun da asuba da tirela a bayan mota, muka isa da hantsi, saura sa'a huɗu a fara. An jera karsana fiye da talatin a ƙananan shingaye, uku uku ko huɗu huɗu, a kan sabuwar dusar katako. An wanke su, an busar da gashinsu da injin hura iska, an bi su da injin aski da almakashi. Duk wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba ba zai yarda da yawan abin da gwanin aski zai iya yi da gashi ba. Yana iya cike kwarin da ke bayan kafaɗa, ya miƙar da gadon bayan da ya lotsa, ya kaurara siririn ƙauri, ya faɗaɗa cinyar da ba ta da nama. Ba na kiran wannan ha'inci, domin kowa a wurin ya san ana yi, kuma sana'a ce da yara suke koyo har a yi musu gasarta. Amma mai saye dole ya riƙa tuna cewa gashin nan zai zube da shigowar zafi, abin da ke ƙarƙashinsa ne zai bi shi gida ya zauna.

Muka nufi shingen lamba ta bakwai kai tsaye. A tsaye ta fi hotonta kyau. Na nemi izini na shiga, na nutsa hannuna cikin gashin bayan kafaɗarta, yatsuna suka shige har gaɓa ta biyu kafin su taɓa fata. Na bi haƙarƙarinta da tafin hannu, na ji bai buɗe sosai ba, kuma akwai kitse a gindin jela da ya yi wa shekarunta yawa. Sannan na roƙi yaron da ke kula da su ya fito da ita fili ya kora ta a hankali. Na ce wa 'yata ta bar kallon kai da wuya, ta kafa idonta a ƙasa. Dabbar da ƙirarta ta daidaita, idan tana tafiya, kofaton baya yakan sauka a cikin sawun da na gaba ya bari ko dab da shi. Ita wannan nata yana sauka ne da tazarar kusan tafin hannu kafin sawun, taku gajere gajere, gwiwar baya a miƙe kamar turke, babu lanƙwasar da za ta shanye nauyi. A wata takwas abin bai zama ciwo ba. Amma nauyinta zai ninka, za ta ɗauki ciki, za ta yi hunturu a kan ƙasa mai ƙanƙara, kuma irin wannan ƙafa ita ce take fara kumbura a gaɓa.

'Yata ta gani da idonta. Ta durƙusa ta duba sawun a kan yashi, ta sa aka sake kora ta sau biyu, sannan ta miƙe ta ce, "Baba, ba ta kai wa sawun." Ban ƙara komai a kai ba. Na ga yadda abin ya yi mata nauyi, domin mako uku tana kwana da hoton nan.

Mai gonar dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma da na tambaye shi ko za mu iya ganin iyayen, bai yi wata-wata ba ya ɗauke mu a motarsa zuwa makiyayar da ke bayan gida. A ganina wannan tafiya ta minti ashirin ta fi duk sauran abin da muka yi a ranar amfani. A can babu wanki, babu aski, shanu ne a cikin ciyawar kaka da ta fara bushewa, kowace da jikin da ta iya riƙewa bayan ta shayar da maraƙi wata bakwai. Muka riƙa bin lambobin kunne muna gwadawa da littafi. Na nuna wa 'yata abin da ake dubawa a hantsa: ta manne da jiki ba ta reto ba, ɓangarorinta huɗu su yi daidai, kan nonon ya zama madaidaici yadda jaririn maraƙi zai iya kamawa da kansa a daren sanyi ba tare da an tsaya a kansa ba. Muka duba kofato, ko yatsun biyu sun yi tsawo ɗaya, ko ɗaya ya fara murɗewa ya hau ɗan'uwansa.

A nan muka ci karo da wata jar saniya mai zurfin ciki, tana kwance tana tuƙa, ta tashi ba gaggawa da muka matso. Dattijon ya ce shekararta 11, kuma tun tana da shekara biyu ba ta taɓa tsallake haihuwa ba, ba a kuma taɓa sa mata hannu a wajen haihuwa ba. Hantsarta tana nan ɗaure kamar ta mai shekara biyar, kofatonta a daidai. 'Yarta ita ce lamba ta ashirin da uku, wadda muka wuce a littafi ba mu ko tsaya ba, saboda a hoton ja ce kawai, gashinta bai taka kara ya karya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai muka koma rumfa muka neme ta. An haife ta a watan Fabrairu da nauyin fam 82, wato kusan kilo 37, ba ta da ƙaho tun asali, haruffanta duka F ne. Da aka kora ta, kofaton baya ya riƙa faɗawa cikin sawun na gaba taku bayan taku, gadon bayanta bai motsa ba. Haƙarƙarinta a buɗe yake, kafaɗarta ta kwanta ta saje da jiki, ƙugunta dogo ne mai faɗi. Abin da ya ƙarasa saye zuciyar 'yata shi ne hali: ta miƙa mata bayan hannu, karsanar ta matso ta sansana, ba ta zabura ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da za ta riƙe ragamar dabbar da za ta ninka ta nauyi sau goma a tsakiyar taro da amon lasifika.

Kafin a fara na zauna na karanta sharuɗɗan da ke shafin farko, waɗanda mutane da yawa ba sa karantawa sai rigima ta taso. Da zarar mai gwanjo ya buga guduma dabba ta koma hannun mai saye, duk abin da ya same ta nasa ne, shi ya sa akwai wakilin inshora da teburinsa a bakin ƙofa. Mai gonar ya ba da lamunin cewa kowace karsana za ta iya ɗaukar ciki idan an kula da ita yadda ya kamata, tare da wa'adin kawo ƙorafi. A kan wasu lambobi, ciki har da ta bakwai, ya riƙe wa kansa haƙƙin ɗibar ƙwan haihuwarta nan gaba don a dasa a cikin wasu shanu, wato ko ka saya ba kai kaɗai ke da zuriyarta ba. Lamba ta ashirin da uku babu wannan sharaɗi a kanta. Muka rubuta iyakar kuɗinmu a bayan littafi, ni da ita muka amince cewa ko dala ɗaya ba za mu ƙara a kai ba, kuma a cikin lissafin mun riga mun cire kuɗin abinci na shekara, da na likita, da na shiga gasa, waɗanda jimillarsu takan kai kuɗin dabbar ko ta wuce.

Gwanjon kansa guguwa ne. Mai gwanjo yana zuba lambobi ba numfashi, mataimakansa suna tsaye a gaban kujeru kowa da ɓangaren da yake sa wa ido, da ka ɗaga yatsa ko ka gyaɗa kai sai ka ji ihu, tayinka ya shiga. Wasu suna tayawa ta waya, wasu ta intanet, allon da ke gefe yana nuna nasu. Dabba ɗaya ba ta wuce minti biyu. An tsara abin ne don zuciya ta riga hankali, kuma na ga magidanta masu natsuwa suna ɗaga hannu bayan sun girgiza kai sau biyu. Lamba ta bakwai ta wuce iyakarmu cikin daƙiƙa kaɗan, ta tafi a kan fiye da ninki uku na abin da muka ware, aka yi tafi. Ina yi wa waɗanda suka saye ta fatan alheri da gaske, kuma ba zan yi mamaki ba idan ta ci kofuna, domin a tsaye babu kamarta a rumfar.

Da aka zo kan tamu taron ya ɗan lafa. Mu uku muka fara, ɗaya ya janye da wuri, muka rage ni da wani mai taya ta intanet. Na bar shi ya riƙa jagora ina bi a hankali. 'Yata ta riƙe hannun rigata, idonta a kan lambar da muka rubuta. Saura tayi biyu mu kai iyaka ɗayan ya yi shiru, mai gwanjo ya kira sau biyu, ya buga guduma ya nuna mu. Abin da ya rage a hannunmu bai isa wata mai tsantsar jini ba, amma can wajen ƙarshe ya ishe mu wata 'yar ShorthornPlus ta watan Afrilu, mai sirkin launin da 'yata take so, wadda muka riga muka ga uwarta muka yaba. Na so hakan, domin saniya dabbar garke ce, kuma biyu sun fi saurin sabawa da baƙon wuri a kan ɗaya tilo.

Kafin mu loda su na sa aka kama kan kowace, na goge cikin kunnenta, na haska fitila na karanta lambar da aka zana da tawada, na gwada da takardar rajista harafi bayan harafi. A manyan gasa ana duba wannan lamba, kuma idan ta saɓa da takarda ana iya mayar da yaro gida da dabbarsa. Na karɓi takardar likitan dabbobi wadda doka ta wajabta kafin a tsallaka da shanu wata jiha, na tabbatar kowace tana da lambar kunne ta hukuma mai karantuwa da na'ura, wadda tun watan Nuwamba na 2024 ake bukata ga shanun gasa masu ƙetare iyakar jiha. Na duba alamar allurar rigakafin bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) a kunnen dama, wadda ake yi wa karsana tsakanin wata 4 zuwa 12. Na kuma roƙi a mayar da rajistar da sunan 'yata ba tare da jinkiri ba, saboda gasar yara tana da ranar da dole dabba ta kasance mallakin yaron kafin ta. Dattijon ya rubuta mana haɗin abincin da suke ci, ya ɗora mana buhu biyu a mota don kada sauyi ya zo musu farat ɗaya ya ɓata musu ciki.

Yanzu kwanansu goma sha biyu a gida, kuma suna killace nesa da sauran shanunmu har sai sun cika kwana 30. Kullum kafin motar makaranta 'yata tana ɗaura musu ragama, ta taje su, ta ja su zagaye ɗaya. A ma'aunin rama da ƙiba na 1 zuwa 9 da ake amfani da shi a nan, mun yi alkawarin riƙe su a 5 zuwa 6, ko da a filin gasa za su tsaya kusa da waɗanda suka fi su cika. Tana da burin kai jar babbar gasar yara masu kiwon Shorthorn ta ƙasa da ake yi a lokacin zafi, idan hali ya yi kuma har gasar da ake yi a birnin Louisville na jihar Kentucky a watan Nuwamba. Jiya da yamma na shiga rumfa na tarar ta maƙala kalanda a jikin ƙofa. Ta sa alama a ranar 10 ga Mayu, lokacin da jar za ta cika wata 15 a yi mata barbara, ta ƙirga kwana 283 daga nan, ta rubuta 17 ga Fabrairu a gefe da jan biron nan nata, sannan ta tambaye ni wane bijimi ne a littafin masu sayar da maniyyin barbara ya fi lambar sauƙin haihuwa.